Ƙazamarki Ta Zama Malamar Tsafta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, na san takarda ba ta isa inda kike, amma ina da labarin da ba wanda ya cancanci ya fara ji sai ke.

Inna, ki yi dariya ki more: ƙazamarki ta zama malamar tsafta. Ni Hafsatu, wadda kika sha kamowa daga tashar jirgin Ƙaura da ƙasa har cikin kunne, yau ina wani ƙauye kusa da Maraɗi, a Nijar, ina koya wa 'yan makaranta wanke hannu. Aikin sa kai ne. Ta Zurmi da Gurbin Ɓore muka bi, Baba yana ta ja mini addu'a a waya har muka tsallaka iyaka.

Na tarar gudawa tana yawan hana yaran zuwa makaranta, wadda a nan lakwal ake ce mata. Ban daɗe ba na ga dalili. Kafin abincin rana duk a daro ɗaya suke tsoma hannu. Na farko ya samu ruwa, na ƙarshe ya samu kunu. Mai daron kuwa Iya Zali ce, tsohuwar da ke dafa musu abinci, kuma daga gidanta take ɗauko shi kullum don tausayin yaran.

Ni da ɗokin sabon aiki sai na yi katoɓara. Na tara yara a gabanta na ce ruwan daron nan ƙazanta ne. Washegari ta bar daronta a gida, ta daina amsa gaisuwata, yaran kuma suka ci abinci ba wanke hannun ma gaba ɗaya. Garin neman gira na rasa ido. Shugaban makarantar ya gaya mini gaskiya: in ban shirya da Iya Zali ba, ba uwar da za ta saurare ni a ƙauyen, gara in tattara kayana. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Sai na tuna ki. Kin tuna ranakun kasuwar Moriki, in gida ya cika da baƙin Baba? Ba kya ajiye kwanon wanke hannu. Buta kike ba ni in bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu, ina kumbura baki, ke kuma kina cewa, "Ruwan da ya wanke wani ba shi wanke ka." In sabulu ya ƙare ki ɗebo toka a murhu. A lokacin gani nake yi kawai kina son wahalar da ni.

Na je gidan Iya Zali na durƙusa har ƙasa na ba ta haƙuri. Ban ɗauko maganar ƙwayoyin cuta ba. Labarinki na ba ta, sannan na ɗauki butarta na zuba mata ruwa a hannu yadda kika koya mini. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyag ga, uwakki ta fi ki hankali." Ban yi mata gardama ba.

Yanzu kullum ita ke zama da buta da sabulu, yara a jere. Daron ya dawo, amma a ƙasa yake yana tare ruwa, a kai wa zogalen makaranta. Ta ma fi ni tsanani, har farce take dubawa. Ajin da na saba gani da giɓi ya fara cika.

Abin da ya sa ni wannan rubutu, Inna, jiya wani yaro ya so ya tsoma hannu a daron, sai sauran suka haɗa baki: Inna ta Ƙaura ta ce ruwan da ya wanke wani ba shi wanke ka! Ashe Iya Zali ta ba su labarinki. Na juya baya na share ido. Ko fasfo ba ki taɓa yi ba, amma ga ki a wata ƙasa kina hana yara cin abinci da datti.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane ɗigon ruwan butar nan ya zama sadaka mai gudana gare ki. Amin.

Taki har kullum,
Hafsatu, wadda yanzu hannunta yake fes.