A Bar Ni In Raka Sabo Gida

Zuwa ga Babban Likita mai kula da sashen masu taɓin hankali na asibitinmu, a nan Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, da marasa lafiyar da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ranka ya daɗe, ni ne Garba Wanzami na Unguwar Kanawa. In sunan bai faɗo maka ba, ni ne wanda aka kawo maka an ɗaure masa hannuwa da rawani a bayan a-kori-kura shekarar da aka canza hannun tuƙi, wanda ya yi wata biyu yana kiran ka Alƙali. Ka yi haƙuri da ni a lokacin, to ka ƙara haƙuri yau. Sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana cewa kana taro, shi ya sa na biyo ta jarida da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Kuma ni Bakano ne kai Bazazzage, ka ga ko na yi maka tsiya a bainar jama'a ba ka da wurin kai ƙara.

Kukana a kan takardar da aka manna a ƙofar asibiti ne, mako uku ke nan, da sa hannunka a ƙasa. Ta ce daga yanzu ba mai shiga sai wanda katinsa ya nuna ranar ce ranarsa, kuma an hana zama a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin allura. Na tabbata ba a ba ka labarin zaman nan yadda yake ba, don haka bari in ba ka.

Na ɗaya. Ranar da ka sallame ni ka ce na samu sauƙi, in dai riƙa shan magani ina zuwa allura duk wata. Gaskiya ka faɗa. Abin da ba ya cikin kati shi ne wanzami ba ya cin abinci sai wani ya yarda ya sunkuyar da kai a ƙarƙashin askarsa. Na koma rumfata na share, na shimfiɗa tabarma, na wasa aska. Mutanen da na yi wa 'ya'yansu askin suna sai su gaishe ni daga nesa, su yi mini barka da arziki, su wuce da sumarsu wurin wani. A gida kuma matata Hajara ta ɓoye wuƙar yanka kuɓewa cikin buhun gero, tana tsammanin ban gani ba. Ban ga laifin kowa ba, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ga maganin yana sa hannuna rawa. Sai na daina sha, ban gaya wa kowa ba.

A layin allura na haɗu da Baba Audu, tsohon direban lori daga Rigasa, wanda ya riga ni kwanciya a wurinka. Kallo ɗaya ya yi mini ya gane, domin shi ma ya taɓa yin wannan wautar, ta kuma mai da shi gadon asibiti. Bai yi mini wa'azi ba. Hannuna ya kama har gabanka, ya sa na faɗa maka maganar rawar hannu da bakina. Ka rage ƙwayar, ka ƙara mini wata 'yar ƙarama, cikin mako biyu hannu ya tsaya. Sannan ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci titi ya cika, sai ga shi a rumfata. Ya tuɓe hula ya zauna, ya ce a yi masa ƙwal-ƙwal, a kuma gyara gemu har maƙogwaro. Baba Audu mai sanƙo ne, Likita, gashin kansa bai kai a ɓata sabulu ba. Na yi askin ina hawaye, shi kuwa yana ta zagin direbobin zamani da ƙarfi don masu wucewa su waiwayo. Kafin La'asar mutum biyu sun zauna mini.

Na biyu. Daga nan zaman darbejiya ya samo asali. Duk Alhamis mu da muka taɓa kwanciya muna haɗuwa bayan Azahar, ko ranar allurarmu ce ko ba ita ba. Ba ma ba da magani, ba ma ba da rubutu, ba ma musa wa likita. Ƙa'idarmu guda ce: duk wanda aka kusa sallama, ɗayanmu zai riƙa zama da shi tun yana ciki, ranar fita ya raka shi har ƙofar gida, sannan mu zama masu cinikinsa na farko, a fili, inda unguwa za ta gani. A teburin wani mai shayi da aka sallama mun sha shayin da ba ya shayuwa. Ni da kaina na yi wata shida cikin rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don telan da ya ɗinka ta ya ga ana sa ɗinkinsa. Yau telan nan yana ɗinka wa ma'aikatan Unguwar Rimi, har yana yi mini yanga. Ta wajen mata Iya Talatu ce ke riƙe da su. Baba Audu ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa, aikin ya faɗo kaina, ba don na fi kowa hankali ba.

Na uku, abin da ya faru. Wata Alhamis, mako uku da suka wuce, ina yi wa wani marar lafiya aski a gindin bishiyar, kamar yadda na saba shekara uku, Malam Yohanna nas yana tsaye kusa yana jiran nasa. Sai sabon Sakataren asibiti ya zo wucewa. Ya tambaya ko ni wane ne, aka ce masa tsohon marar lafiya ne. Daga jin haka ya sa maigadi ya ƙwace askar, ya ɗauke zabirata ta kayan aski, aka raka ni waje, aka bar mutum da rabin kai a aske. Maigadin nan kuwa ni nake yi masa aski tun zuwansa, yana riƙe da zabirar yana ba ni haƙuri da ido. Washegari aka manna takarda.

Ba na jin haushin Sakatare. Wanda bai sani ba, ya ga aska a hannun wanda ya taɓa taɓuwa, a kan wanda yake cikin taɓuwar, dole gabansa ya faɗi. Da ya tambaya dai, da an gaya masa. Abin da ya dame ni shi ne a asibitin da aka ce mini na samu sauƙi, a nan aka nuna wa marasa lafiya ta taga cewa ba a yarda da sauƙin ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Mutumin da aka bari da rabin aski zan kira shi Sabo, ba sunansa ke nan ba, amma kai ka san shi. Mahauci ne daga Mando, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma an ce ran Alhamis mai zuwa za ka sallame shi. Wata biyu ina zama da shi. Da farko ko kallo na ba ya yi, daga baya ya fara magana. Ya gaya mini yayansa ya riga ya kwashe wuƙaƙensa ya kulle, ya kuma shirya masa zaman zaure, a riƙa miƙo masa tuwo. Ya ce in haka ne gara ya ƙare a asibiti, ko ya fita ya watsar da ƙwayoyin kowa ya huta. Na san wannan maganar, domin na taɓa yin ta a zuciyata. Na yi masa alkawarin ni zan raka shi gida, in zauna da yayan in ba shi labarina, kuma ranar Talata mu je kasuwar Kawo mu tsaya gaban teburinsa ya yanka mana nama da hannunsa. Ran da na faɗa masa haka ne ya fara yin dariya, ya ce ni da haƙorana huɗu me zan yi da nama. Yau mako uku bai gan ni ba, ban kuma san abin da aka gaya masa ba.

Ga roƙona, Ranka ya daɗe. A bar mu mu koma gindin darbejiya, ko da awa ɗaya ce a mako, nas yana zaune tare da mu. In askar ce matsala, na yarda in bar ta a gida, bakina ma ya isa aiki. A rubuta sunayenmu a ba maigadi, ka soke duk wanda ba ka amince da shi ba. A dawo mini da zabirata, ta mahaifina ce. Kuma ka zo da kanka wata Alhamis ka zauna ka ji, ka taho da Sakatare, ba za mu ba ku shayin nan ba.

Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi mini. Duk lomar da 'ya'yana suka ci, bayan ikon Allah, da hannunka a ciki, kuma ban taɓa idar da salla ban sa ka a addu'a ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuriya, ya tsare ka daga ciwon da kake yi wa mutane magani.

In duk waɗannan sun yi nauyi, to ga ƙarami wanda ba ya bukatar taro. Ran Alhamis tun da hantsi zan tsaya a tsallaken titi, daidai wurin mai ƙosai, inda takardarka ba ta kai ba. Ka sa wani ya gaya wa Sabo ina nan, kada ya fito ya duba bai gan ni ba ya ɗauka ni ma na gudu.

Wassalam.

Naka mai ƙaunarka,
Garba Wanzami,
Unguwar Kanawa, Kaduna.