Ku Sauko da Kwando

Suhaj, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga ƙanena Shauki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da 'yarmu Nirmin. Mu nan sai godiya. Maigidana Alhaji Adli yana gaishe ka.

Ba zan tsaya kwana-kwana ba. Ɗan maƙwabciyata ya je Iskandariya wajen abokansa, ya dawo yana ba uwarsa labari a gabana. Wai sun aika a kawo musu wannan gurasar mai cuku da kuke ce wa fiza, aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe, sai ga Kawu Shauki da jar hula da kwali a hannu yana haki. Wai har ya miƙa maka rabin fam, ka karɓa, ka yi godiya! Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kai da ka riƙe sashe guda a masaƙa, ka ce mini tun da aka rufe ta kana aiki a kamfanin abinci. Ashe kamfanin ke nan.

Ka haura hamsin, kuma gwiwar nan taka tun faɗowarka daga bishiyar dabino ba ta sake zama daidai ba. Na yi magana da Alhaji. Akwai kujera a shagonsa na hatsi, da tebur, da fanka, abin da za ka ɗauka mafi nauyi shi ne biro. Ɗakinmu na ƙasa babu kowa a ciki. Ka sayar da babur ɗin ka taho, Nirmin ta biyo ka. Karatun jinya ba guduwa zai yi ba.

Ina jiran amsa, ba gardama ba. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Awatif

Iskandariya, 20 ga Maris

Yaya Awatif,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Alhaji da yara. Wasiƙarki a tsaye na karanta ta, don ko a takarda muryarki ba ta barin mutum ya zauna.

Da farko ki gaya wa ɗan maƙwabciyarki kwatan fam ya ba ni, ba rabi ba, kuma a hawa na biyar suke.

Na ɓoye miki ne don na san abin da za ki ce, kuma kin faɗa. Amma ba bara nake ba, Yaya. Albashin shagon ba ya kai mu tsakiyar wata. Babur nawa ne, mai daga aljihuna, taya in ta fashe tawa ce. Abincinmu a matakala yake. Mutum ya buɗe ƙofa, ya ga gumi, ya ce riƙe canjin. Wannan tukuicin shi ke biyan makarantar Nirmin. Ke ma kin san Baba bai taɓa barin ɗan aike ya koma hannu rabbana ba, kuma ban taɓa jin kin ce ya wulaƙanta kowa ba.

Mu masu kaiwa a babur bakwai ne a shagon. Akwai wani katako a bango mai jerin ƙusoshi. In ka dawo sai ka rataye makullin babur a ƙusar ƙarshe, na sauran su matsa gaba, wanda nasa ke gaba shi ke fita. Ba babba ba yaro, ba ɗan gida ba baƙo. Ko a masaƙa ban ga adalci irin na katakon nan ba.

Damuwata ba kunyarki ba ce, wata ce daban. Alhaji Badawi mai shagon ya tsufa, ya bar wa ɗansa Hani. Yaron ya ƙara layi a rasit: kuɗin kaiwa, fam biyu. Ko sisi ba ya zuwa hannunmu. Mutane kuwa sun ɗauka namu ne. Wata baiwar Allah da ta saba ba ni fam guda ta karɓi canjinta har ƙwandala, tana murmushi, ta ce, "Baba Shauki, ai yanzu kun huta, na ga an sa naku a takarda. Allah ya yi wa mai shagon nan albarka." Na ce amin, na gangaro ina jin kamar in zauna a matakala in yi kuka.

Abokina Girgis, wanda bakinsa ba ya da birki, ya tari yaron. Ya ce, "Ustaz Hani, kuɗin kaiwar nan, wai waye ke kaiwar?"

Ya ce, "Shago ke kaiwa. Kwali kyauta ne? Waya kyauta ce?"

Girgis ya ce, "To mu ga kwalin ya hau babur."

Hani bai yi dariya ba. Ya ce duk wanda ya buɗe baki a ƙofar mutane kan kuɗin nan, ya ajiye hularsa ya kama gabansa.

Zancen tahowa kuwa, shekara ɗaya ta rage wa Nirmin. Tun rasuwar uwarta ni da ita ne kawai, ba zan bar ta ita kaɗai a garin nan ba, in kuma ta biyo ni karatu ya ƙare ke nan, kin sani na sani. Ki yi wa Alhaji godiya. Ba na zuwa.

Ki huta lafiya, ki rage faɗa saboda hawan jini.

Ƙanenki,
Shauki

Suhaj, 30 ga Maris

Shauki,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai dai ka hana ni barci.

Taurin kan nan naka na Baba ne, shi ma bai tsira da komai ba sai shi. Yaron da ka haifi kamarsa ya ce maka ajiye hula, kuma ka tsaya kana saurare? Mai shago shi ke da shago, Shauki. Nan ma 'yan dakon Alhaji ba sa ɗaga masa murya, abin da ya yanka shi ke nan, kuma ga su suna cin abincinsu lafiya. Ba za ka gyara duniya a kan babur ba.

Alhaji ya ce zai riƙe maka kujerar zuwa shigowar sabuwar alkama. Daga nan ɗan ƙanensa yana jira, kullum yana zuwa gaisuwar da ba a tambaye shi ba. Kada ka sa in ji kunya a gidan mijina.

Kana dai shafa wa gwiwar mai? Na san ba ka yi. Ka ce wa Nirmin ta rubuto mini da hannunta.

Allah ya sa ka ji magana.

Yayarka,
Awatif

Iskandariya, 14 ga Afrilu

Yaya Awatif,

Gaisuwa da barka da Sallah, da fatan kun ci nama lafiya. Nirmin tana jarrabawa, ta ce ki yi mata addu'a.

Duniya kam ba zan gyara ta ba, fam biyu kawai nake nema.

Kwanaki na kai wa wata tsohuwa saƙo a unguwar Bahari. Kafin in kashe babur ta zuro kwando da igiya daga baranda, kamar yadda take yi wa mai kayan miya. Na sa kwali, ta ja, ta sauko da kuɗi. Ina tsaye a ƙasa, gwiwata tana sa mini albarka, sai abin ya faɗo mini. Da na koma na sami mutanenmu suna shan shayi, na ce musu, an hana mu magana, ba a hana mu tsayuwa ba. Takarda ta ce kaiwa, to mu kai har ƙofar gida. Hawa kuwa ba wanda ya biya.

Muka yi rantsuwa, ni da Alƙur'ani, Girgis da gicciyen da ke wuyan hannunsa: ba mai hawa, ba kuma mai ambaton kuɗi. Mu isa, mu danna odar babur, mu ɗaga kai mu ce, "Fiza! Ku sauko da kwando!"

A tsofaffin unguwanni ba wanda ya damu. Amma Yaya, a Rushdi, gidajen manya, wa ke da kwando? Da kin ga wani babban lauya yana zuro bokitin wanki da igiyar shanyar matarsa. Wata likita kuwa da kanta ta sauko da silifas, tana huci.

Ta ce, "Kai, ƙafarka ce ta karye?"

Na ce, "Saura kaɗan, ranki ya daɗe."

"Na biya kuɗin kaiwa!"

"Kin biya, ga shi kuwa na kawo. Zancen hawa sai ki tambayi shago."

Ta dube ni, ta dubi rasit ɗin, ta daɗe tana dubawa. Ta karɓi kwalinta ta koma sama. Tun daga ranar wayar shago ba ta huta ba.

Hani ya san daga inda abin ya fito. Ran Juma'a bayan masallaci, lokacin da aiki ya fi yawa, ya zo ya cire makullina daga ƙusar gaba ya jefa mini a cinya. Ya ɗauki kwali ya ce, "Girgis, tashi."

Girgis ya kurɓi shayi ya ce, "Ba layina ba ne, Ustaz."

Ya kira na bayansa, ya kira na bayan wannan. Akwai wanda matarsa ke da tsohon ciki, amma shi ma bai tashi ba. Kwalaye suka taru a kan kanta suna hucewa. Can Girgis ya miƙe, ya ɗauki makullin daga cinyata, ya mayar da shi ƙusarsa, ya dawo ya zauna. Ban iya kallon kowa ba, idona ya cika.

Ran Alhamis Alhaji Badawi da kansa zai zo ya yanke hukunci. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin tsoro. In suka kore ni kuma ban sami wani wuri ba, zan zo in zauna a kujerar nan kaina a ƙasa, ki yi ta faɗin ai na gaya maka har ki gaji. Sai dai ki tambayar mini Alhaji, wai me zan riƙa rubutawa a teburin? In san abin da zan tarar.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Shauki

Suhaj, 21 ga Afrilu

Ƙanena,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Addu'a kam na yi, ban san ko ta iso kafin Alhamis ba.

Na tambayar maka. Muna cin abincin rana na ce, Alhaji, me Shauki zai riƙa rubutawa? Ya ce rasit mana, kuɗin buhu da kuɗin dako. Na ce kuɗin dakon na masu dakon ne? Ya ce, "Su da ke da albashi? Hajiya, miƙo mini gishiri."

Ban miƙa ba. Na tashi na leƙa ta taga. Ga Gad, tsohon da ke mana dako tun kafin in haifi ɗan fari, ya sunkuya da buhu a baya yana bin wani mai saye. Na sha ganin mutane suna shiga mota ba su ba shi komai ba, ina cewa a raina marowata. Ashe sun riga sun biya a tebur. Kujerar Hani na yi ta kiran ka ka zo ka zauna a kai, Shauki.

Shekara talatin ban ɗaga wa mutumin nan murya ba, ranar na ɗaga har maƙwabta suka rufe tagoginsu. Na ce ya ba ɗan ƙanensa kujerar, ƙanena ba ya zuwa. Ya ba shi a take, don ya ɓata mini rai. Har yau ba ma magana, abincinsa a ƙofar ɗaki nake ajiye masa.

Na san na janye maka wurin faɗuwa ban tambaye ka ba. Ka yafe mini. Na ba direban motar Iskandariya tulun baƙar zumar rake da kwalbar man zaitun, zumar ta Nirmin ce, man na gwiwa ne. Kada ka hau ko taki ɗaya sai sun ba ku haƙƙinku.

Allah ya tsaya maka.

Yayarka,
Awatif

Iskandariya, 3 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Zuma ta iso, mai ya iso, wasiƙarki kuma ta same ni an riga an gama.

Tsohon ya yanke: fam ɗaya na mai babur, ɗaya na shago, a kuma koma hawa. Sharaɗinsa guda ne, ɗansa ba zai sake ganina a shagon ba. Girgis ya tashi zai yi rantsuwa cewa in na tafi su ma sun tafi, na ce ya zauna, mutum shida ne da iyalansu. Na cire makullina da hannuna.

Babu abin yafewa. Nirmin tana makaranta, ni ma ina nan. Na sami wani shagon fiza can Mandara, ƙarshen gari, inda ba a san fuskata ba. Jiya na rataye makulli a ƙusar ƙarshe, na dubi rasit ɗinsu. Kuɗin kaiwa fam uku ne, yaran kuma ba su taɓa ganin ko sisi ba.

Ban ce komai ba tukuna. Ina shafa man, ina koyon sunayensu.

Ki gaishe mini da Gad.

Ƙanenki,
Shauki