Na Ce wa Mahaifiyata Fim Ɗin Labarai Ne

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ke da masu karatu. Don girman Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma masu sharhi, na san bakinku, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara. Duk zagin da za ku yi min na riga ku yi wa kaina.

Ni mace ce, a Bagama nake zaune a nan Suleja tare da mahaifiyata, Inna, tun da aurena ya mutu. Ina koyarwa a wata makaranta a Abuja, kullum sammako, kullum gosulo, kuma a cikin gosulon nan na koyi kallon fim a waya. Mai tura min fina-finai a bakin kasuwa ne ya haɗa ni da wasu na Turawa, irin waɗanda ake jefa wa gari bam ɗin nukiliya, makamin ƙare-dangi. Ba na sojoji da harbe-harbe ba ne. Iyali ne kamar kowane iyali, uwa da uba da yara, suna cikin hidimarsu sai wani haske ya tashi, sauran fim ɗin kuma yadda suke ƙarewa ne ɗaya bayan ɗaya: toka na zubowa daga sama, ruwan sha ya zama guba, gashi na zubewa, uwa na naɗe gawar ɗanta a labule don babu likkafani. Ban san me ya sa na kamu da su ba. Wataƙila don in na gama kallo sai in ga tawa wahalar da sauƙi.

Mu biyu ne a wurin Inna, ni da ƙanena da muke kira Auta, yana karatu a ƙasar Turawa. Ni ce cefane, ni ce kai ta asibiti, ni ce matsa mata ƙafa, amma Auta ne ɗa. In ya bugo waya ya ce sannu, sai duk wanda ya shigo gidan ya sha labari. Ni kuwa ko sannu da dawowa sai ranar da ta ga dama. Ba kare kaina nake ba, ina dai faɗa muku abin da ke cina ne.

Wata Asabar da hantsi na gama wanki na zauna a tsakar gida ina kallo. Tun safe take min mita, wai na cika gishiri a miya, wai Auta ko ruwan zafi ya dafa ya fi nawa daɗi. Sai ta leƙo ta kafaɗata. Shi wannan fim ɗin kamar labarai aka yi shi, da jiniya, da mai karanta sanarwa cikin kwat. Inna kuwa a wani ƙauye bayan Lambata ta tashi, da rediyo ta girma, abin da mai labarai ya faɗa a wurinta ya zauna.

Ta ce, "Ke, wannan wace irin masifa ce? Labarai ne?"

Na ce, "Labarai ne mana."

"A ina?"

"Garin da Auta, ɗan gwal ɗinki, yake."

Wallahi niyyata in ga ta zabura, in yi dariya, in ce wasa nake. Ba ta zabura ba. Ta ƙura wa matar nan mai naɗe ɗanta a labule ido. Daidai nan maƙwabciyarmu ta ƙwala min kira wai an kawo ruwan famfo, in fito da jarkoki kafin a ɗauke, wanda ya san unguwarmu kuwa ya san ba a yi wa famfo yanga. Na ajiye wayar a kan tabarma fim ɗin na ci gaba, na fita da haushina, har ina cewa a raina bari ta ɗan ɗanɗana. Wace irin 'ya ce ke faɗin haka? Da na dawo, a ƙasa na tarar da ita, baki ya karkace, wayar na hannunta.

Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Kowa ya ce ƙaddara, dama tana da shi. Har yabona ake yi a unguwa, wai ba a taɓa ganin mai jinya irina ba.

Da ta fara gane mutane na durƙusa gabanta na ce, "Inna, fim ne fa. Ƙarya na yi miki. Auta yana nan lafiya lau." Sai ta dube ni, ta shafa kaina da hannunta mai lafiya, kamar ni ce abar tausayi. A nan na gane zurfin ramin da na haƙa. Kun san al'adarmu, ba a faɗa wa majinyaci rasuwa. Lokacin da Babanmu ya rasu, Inna ce da kanta ta tsara yadda aka ɓoye wa kakarmu da ke kwance, ana ce mata ya tafi fatauci Kudu, har ita ma ta bi shi ba ta sani ba. To yanzu duk wanda ya shigo dubiya ya ce "Auta yana gaishe ki", sai ta gyaɗa kai, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Ta san irin wannan gaisuwar, da bakinta ta taɓa isar da ita.

Na kira Auta ta bidiyo na kanga mata wayar, yana ta "Inna! Inna, ga ni!" Ta juya fuska bango, da ƙyar ta haɗa kalma biyu: "Fim ne." Yaya zan yi musu da ita? Ba a cikin wayar nan take ganin Babanmu yana dariya a wurin wani ɗaurin aure ba, alhali ya daɗe a kabari?

Yanzu abinci sai an yi da gaske, likita kuma ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Ranar Juma'a ta dinga nuni tana kuka sai da na sayo waina aka raba. Sadakar mamaci. Da hannuna na raba sadakar mutuwar ƙanena da ke raye.

Na san abu ɗaya ne zai tashe ta, ta taɓa Auta da hannunta. Amma yana shekarar ƙarshe, in ya baro yanzu komawar ba tabbas, wahalar shekaru ta tashi a banza saboda bakina. In kuma ya zo, ranar da ta rungume shi zai ji wanda ya kashe shi a wurinta. Shekaranjiya ya ce min, "Yaya, abeg ki gaya min gaskiya. Me ya sa ba ta son kallona? Laifi na yi mata? In taho ne?" Na ce, "Ciwon ne kawai, ka yi karatunka." Na sake yin wata ƙaryar ke nan, kuma wannan karon ba cikin fushi ba, tsoro ne da son kai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na jiya. Ina ba ta kunu tana kau da kai, sai ta riƙe min hannu gam, ta tattaro maganar da bakin nan da ya karkace: "Duk ɓoye min suke. Ke kaɗai kika faɗa min gaskiya tun farko. Allah ya yi miki albarka."

Tun ina yarinya nake jiran wannan albarkar daga bakinta, sai jiya na same ta. Kuma na ce amin.

Jama'a, uwata na ƙarewa a gabana tana makokin ɗan da bai mutu ba. Me zan yi?