Gona Tawa, Icce na Gwamnati

Laraba da dare, Isawan, ƙarshen rani

Yau ma'aikacin gandun daji ya ƙwace mini gatari, wai don na saro wa awaki reshen gawo. Me za su ci, fari ya cinye ciyawa? Gawon nan kuwa malamin gona ne ya ce in bar shi, zai tare mini iska. Ni na rene shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da malamin gona ba gwamnati ɗaya kuke wa aiki ba?"

Ya ce, "Gona taka ce, icce na gwamnati. In kana da ja, ga soja can."

Tuwo ma na kasa ci.

Akwai tsire-tsiren gawo a gonata ta gabas. Gobe zan tumɓuke su tun ba su zama na gwamnati ba. Na sani sarai, in babu su, shukata ce rairayi zai binne.