Kalmar da Ta Rage wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar ƙaramin, ta warke? Allah ya sa haka.

Bayan gaisuwa, kin yi ƙorafi wai ba na ba ki labarin Baba sosai a waya. Yaya, ta yaya, alhali gadonsa na jikin bangon ɗakina, kunnensa kuma ras yake? Shi ya sa na ɗauki biro.

Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same shi, Hausa ta tafi, ko sunana ba ya iya kira. Turancin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa ma ya tafi, saura kalma ɗaya tal: "well". Likita ya ce hankalinsa garau yake, hanyar fitar maganar ce ta toshe. Kin tuna yadda yake tsare mu a tebur da kalmar nan, wai tana nufin rijiya, tana nufin lafiya, tana nufin "to", mu kuwa sai hamma? Yanzu ta haifi 'ya'yan da babu su a ƙamus. In ya ja ta, ruwa yake so. In ya datse ta, bayi ne, kuma a hanzarta. Akwai ta a juya shi, akwai ta a kashe rediyo. Akwai wata ƙasa-ƙasa bayan magani, wannan godiya ce. Har ta zagi akwai, ita nake sha in shayi ya huce.

Ni kaɗai ke rarrabe su. Jiya na leƙa kantin magani na bar shi da Baffa, na dawo na tarar yana ta ɗura masa ruwa, bawan Allah kuwa bayi yake nema. Sai da na wanke zanin gado. Wunin ranar Baba bai yarda mun haɗa ido ba.

Makarantar koyon aikin ungozoma sun sake nemana. Bara sun ɗaga mini ƙafa, bana sun ce in ban je rajista ba, za su ba wata gurbina. Ina so in tafi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Na gaji da kallon titi ta tagar kicin.

Ki gaida mutan gidan.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na gode da mai jinyar da kika sa aka samo. Dattijuwa ce mai tsabta, ga haƙuri, sai dai duk "well" ɗin Baba iri ɗaya ce a kunnenta.

Baffa ya ce ba zai yanke maganar tafiyata ba sai ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Ranar Laraba ya jawo kujera gaban gado, ya tambaye shi da ƙarfi kamar kurma, ko ya yarda in tafi. Baba ya dube ni sosai, ya ɗaga haɓa ya ce "well". Na san ta. Ita ce wadda yake sallamata da ita in na gama gyara masa filo na tsaya ina kame-kame: tashi ki tafi, ya isa. Baffa ya juyo ya ce me ya ce. Na ce ya ce in tafi.

Baffa ya yi wata 'yar dariya. Wai ni ce mai ƙara, ni ce kuma tafinta, to me zan ce da ya wuce haka? Baba ya fara dukan katifa da hannunsa mai lafiya, yana ta maimaita kalmar, har miyau na zuba. Ta zagin ce, kuma da Baffa yake. Baffa kuwa ya ce in duba in gani, daga jin zan tafi hankalin tsoho ya tashi, in ji tsoron Allah.

Duk abin da zan fassara, daga bakina zai fito. Na shiga bayi na kunna famfo na yi kukana.

Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin ce jikin maigidanki ya hana ki motsi, Allah ya ba shi lafiya. Amma ki karanta wannan da kyau.

Tun ranar Larabar nan Baba ya daina yi mini magana. In na shigo sai ya rufe baki ya kalli bango, ko da ƙishi na cinsa. Na ɗauka fushi ne, abinci ma ya ƙi shiga mini. Shekaranjiya ina shara a bakin ƙofarsa sai na ji muryarsa. Na leƙa. Ya tsare mai jinya, ya nuna kofi ya ja kalmar, ya nuna hanyar bayi ya datse ta, sannan ya jira ta maimaita. In ta kuskure ya harare ta, irin hararar da yake yi wa ɗalibansa a da. Aji ya buɗe, Yaya. Gumi yake yi kafin kowace ta fito, amma ba ya fasawa, don kawai a daina buƙatata.

Zuwa yau ta kama ta ruwa da ta bayi, sauran sai a hankali. Baffa ya ce wannan ba hujja ba ce. Ranar Litinin ake rufe rajista.

Ba na ce ki zo jinya ba. Ki zo ko wuni ɗaya ne, ki ga koyarwar nan da idonki, ki tsaya gaban Baffa a sake tambayar Baba. Ke ba ki da abin da za ki samu, maganarki za a yarda da ita. In ba ki zo ba zan zauna, ba zan gudu ba. Amma ni zan shiga in gaya wa Baba ya huta da koyarwar, kuma ni kaɗai zan gane abin da zai ce.

Ina jiranki.
Ƙanwarki, Auta