Shafin da Kifi Ya Kawo

Madarounfa, 9 ga Afrilu

Yaya Maryama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zafin Ɗan Issa? Mu nan sai godiya.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Kin san shekara ashirin maigidana Illo ya yi, in ya taso daga lakwal, makarantar boko, yana bin tsofaffin bakin tabki yana rubuta labaransu. Ana saura kwana uku ya rasu ya riƙe hannuna, ya ce in za a buga littafin, a ɗinke shi da zare. Na ce to.

Da na fita takaba na je maɗaba'a a Maraɗi. Mai wurin bai cuce ni ba, dalla-dalla ya yi mini bayani. Ɗinkin zare dala ɗari uku kowane littafi, har jikoki su karanta. Na gam dala ɗari da ashirin. Na 'yar waya ya fi araha, amma damina ɗaya ta yi tsatsa. Ni da iyayina na ce gara ɗari biyu na gam da tamanin na zare, sunan mijina ya kai ko'ina. Na raba su lakwal-lakwal har Gabi, ina ta jin daɗi.

Bazarar nan gam ɗin ya bushe ya tsage. Littafin sai zuba yake kamar ganyen kuka. Jiya na sayi soyayyen kifi wurin Ɗelu, na kwance takardar, sai ga maganar Illo jiƙe da mai. Shafi na arba'in. Wallahi muryarsa na ji, har da 'yar gyaran muryar nan tasa. Kifin ban ci ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Jamila

Madarounfa, 2 ga Mayu

Yaya Maryama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso. Kin ce in daina zuwa wurin Ɗelu. Na kasa.

Kullum sai na sayi kifi ƙunshi biyu ko uku, in ba wa maƙwabta, in riƙe takardar. Yara ke tsinto wa Ɗelu shafukan a bayan aji. Na roƙe ta ta ajiye mini, ta ce ita duk takarda ɗaya ce a idonta. Na tara shafi sittin da biyu, ina ɗinkewa da zaren kaba. Ɗakin duk ƙarnin kifi, kuma ji nake Illo yana tsaye a bayana yana duban ɗinkin.

Tun da aka buga ban iya buɗe littafin daga farko ba, tsoro nake ji. Yau kifin ya zo a shafin farko. Layi ɗaya ne, mai ya ci gefensa. Ya rubuta cewa littafin na Jamila ne, wadda bai taɓa ba ta amana ta saɓa ba.

Yaya, don Allah ki zo.

Taki,
Jamila