Shiftar Innarku

Garu, Dutse
9 ga Maris, 2003

Zuwa ga ɗana Abdulrauf,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyalinka da mutanen Alƙahira. Ni da sauƙi, sai ƙafa.

Ka ce in ba ka rahoton na'urar da aka dasa mini a kunne, ka kai wa likita. Yadda na fahimci bayaninsa, siraran wayoyin da ya zura a katantanwar kunnena su ke taɓa jijiya da lantarki, akwatin da nake sawa a aljihu kuma shi ke tsara yadda za su taɓa, tsari biyu gare shi. Lamba ɗaya kamar malami ne mai kiran kowane ɗalibi bi da bi, da sauri. Lamba biyu kuwa waɗanda suka fi ɗaga hannu kawai take zaɓa. Na gwada kowacce mako uku.

Da lamba ɗaya ina gane magana, amma kowa da maƙogwaro guda. Liman da Laraba mai kawo mini abinci da Barau mai gyaran rediyo duk kamar cikin gwangwani suke. Da lamba biyu kalmomi na tsere mini, sai dai ina sanin wa ke magana, da ko fushi yake. Barau ya ce in zauna a kan biyu, don a cewarsa ba abin da mutanen gari ke faɗa da ya cancanci batir.

Na gane cewa ƙaramin akwatin da za ka aiko, na bayan kunne, tsari ɗaya yake ɗauka, kuma za a karɓi wannan na aljihu. Ka ba ni lokaci in zaɓa.

Kaset ɗin da Innarku ta ɗauka ta aiko mini ina asibiti a can wurinku yana cikin akwatin kayana. Ka san ya iso ba a kunna na'urar ba, labarin rasuwarta kuma ya biyo shi da kwana tara. Ban saurara ba tukuna.

Ka gai da Khaulat da yara.

Mahaifinka,
Uwaisu Jaji

Garu, Dutse
20 ga Afrilu, 2003

Abdulrauf,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ga kana son lamba ɗaya saboda huɗuba da tarho. Hujjarka mai kyau ce.

Na saurari kaset ɗin. Minti goma sha ɗaya ne. Da lamba ɗaya na ji abin da ta ce: akuya ta haifi biyu, zauren yana yoyo, na manta hular sanyi, kada in yi wa likita gardama yadda na saba. Amma muryar ba tata ba ce, ta gwangwanin nan ce. Da na juya biyu sai ga ta, da yadda take jan ƙarshen magana da gyaran muryar da take yi kafin ta yi mini faɗa. Kalma ko ɗaya ban kama ba.

Barau ya ce in kawo ya saurara ya faɗa mini sauran. Na ce masa maganar mace ga mijinta ba ta kunnen maƙwabci ba ce. Ya ce shekara shida tana yi mini magana da ihu, duk unguwa ta riga ta haddace. Gaskiya ya faɗa, amma ban ba shi ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Uwaisu

Garu, Dutse
25 ga Mayu, 2003

Ɗana Abdulrauf,

Ina gaishe ka, ina fata zazzaɓin jikana Zuhair ya sauka. An yi ruwan fari a nan, zauren ya yi yoyo a inda ta ce.

Ga abin da na yi. Na sayi littafin rubutu, na sa lamba ɗaya, ina kunna kaset ina tsayarwa ina rubutawa. Shekara talatin da biyu ina ba yara shifta a firamare, sai ga wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana ba ni tawa. Kwana goma sha shida na yi. Shafi huɗu ne da rabi. Yanzu nakan juya lamba biyu, in buɗe littafin, ina bin layi da yatsa tana magana. Haka nake samun maganar da mai maganar tare.

Wuri ɗaya ya gagare ni, kusa da ƙarshe. Ta sassauta murya ta faɗi wani abu gajere, sannan ta yi dariya. Na maimaita shi har Barau ya ce zaren zai tsinke. Na bar gurbinsa a shafin. Na san za ka ce in aiko ka saurara. Kada ka roƙa, ba kai ta faɗa wa ba.

Ka gaya wa likita lamba biyu na zaɓa. Ka yi masa godiya, ka ce aikinsa bai da aibi. Huɗuba na ji ta shekara sittin kafin in kurmance, na san inda take zuwa. Kai kuma ka ci gaba da rubuto takarda, hannunka ya fi tarho.

In za ka aiko da akwatin, ka haɗo da kaset biyu marasa komai. Barau zai kwafa mini, ya yi alkawarin fita waje har a gama.

Wassalam.

Mahaifinka,
Uwaisu Jaji